Ma'aikaci da Karatun Yanar Gizo: Abin da Ke Sa Darasi Ya Zauna

(Jawabin da kwamitin ilimi ya gabatar a babban taron shekara na 'yan asalin Yashe mazauna birane)

 



An ɗora mana nauyin yin magana a kan wani al'amari wanda a yau da wuya a sami gidan ma'aikaci da bai shiga ba, wato karatun ƙarin sani da ake yi ta yanar gizo alhali mutum yana bakin aikinsa. A cikin wannan zaure akwai ma'aikaciyar jinya wadda ba za a sabunta mata lasisi ba sai ta kawo shaidar ƙarin ilimi. Akwai ma'aikacin banki da hedikwata kan aiko wa saƙo cewa lallai ya gama kwas kaza kafin Juma'a. Akwai malamin makaranta, da akawu, da ma'aikacin gwamnati mai jiran jarrabawar ƙarin girma. Dukkanmu mun sayi data da kuɗin cefane, mun hana idanunmu barci, mun kuma buga takardun shaida mun jera a cikin fayil. To amma in za mu gaya wa kanmu gaskiya, kwas nawa ne cikinsu ya sauya yadda muke yin aikinmu ranar Litinin da safe?

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya shafi aljihun wannan ƙungiya kai tsaye. Kusan kowace shekara sai wani daga cikinmu ya miƙe ya kawo shawarar a sayi kwamfutoci a buɗe wa ma'aikatanmu da matasanmu na gida cibiyar karatu. Shawara ce mai kyau, kuma masu kawo ta kishin gari ne ya sa su. Sai dai kuɗin da za a kashe gumin 'yan uwa ne, wani da ƙyar ya ware shi daga albashinsa. Ya zama wajibi kafin a taɓa asusu mu san mene ne yake sa irin wannan karatu ya yi albarka, mene ne kuma yake mayar da shi zuba ruwa a rariya.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Dattawan da ke zaune a sahun gaba za su tuna zamanin da ƙaramin ma'aikaci kan yi rajista ta gidan waya da makarantun Ingila irin su Rapid Results da Wolsey Hall, a riƙa aiko masa da darussa cikin ambulan, ya yi aikin ya mayar, ya jira makonni kafin takardarsa ta dawo da gyaran jan alƙalami. Da haka mutane da yawa suka ci jarrabawar GCE ta Landan. A shekarar 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, domin malamin da ke cikin aji ya ƙara ilimi ba tare da ya bar ajinsa ba. Ana ba shi littattafai ya karanta a gida, a ƙarshen mako da lokacin hutu kuma ya je cibiyar karatu ya haɗu da malami ido da ido. Malaman firamarenmu da dama na ƙasar Kankiya da Kusada ta wannan hanya suka sami takardunsu. Jami'ar Karatu Daga Gida, wadda aka fi sani da NOUN, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, shekara guda bayan shigowar wayar salula. Sannan annobar korona ta 2020 ta zo ta kulle makarantu da ofisoshi, ta tura kowa, mai so da marar so, zuwa gaban allon waya.

Abin lura a duk wannan tarihi shi ne, a kowane tsari da ya yi nasara akwai mutum a ɗaya ɓangaren, wanda ke karɓar aikin ɗalibi ya duba ya mayar masa. Hatta Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila, wadda ta karɓi ɗalibanta na farko a 1971 kuma ƙasashe da yawa suka kwaikwayi tsarinta, ba ta tsaya ga rediyo da talabijin ba. Ta raba ɗalibai ƙananan rukunai, ta ba kowane rukuni malami mai duba aikinsu.

Da yanar gizo ta bunƙasa sai wasu suka ɗauka an huta da wannan ɗawainiya. A 2012 jami'o'in Harvard da MIT na Amurka suka buɗe dandalin edX, suka zuba laccocin manyan furofesoshinsu kyauta ga duk mai so. Miliyoyin mutane suka yi rajista, har aka riƙa cewa kwanan ajin gargajiya ya ƙare. A 2019 masu bincike biyu na MIT suka bi diddigin alƙaluman, suka buga sakamako a mujallar Science: cikin waɗanda suka shiga kwasa-kwasan a zangon 2017 zuwa 2018, kimanin kashi 3 cikin ɗari ne kawai suka kai ƙarshe. Ku duba fa, waɗannan darussa ne na jami'o'in da ake ji da su a duniya, kuma akasarin ɗaliban nan ba su san ɗaukewar wuta ko yankewar sabis irin namu ba. Ke nan zuba ilimi a yanar gizo daban, koyar da shi daban. Kai jaki bakin rafi ba shi ne shan ruwansa ba.

Mai girma shugaban taro, a nan muke roƙon a ba mu dama mu ɗan koma gida, domin abin da masanan Turai suka sha wahalar ganowa a ɗakunan bincike, yawancinsa yana nan a makarantar allon da ta yaye mu.

Wane ne cikinmu ya taɓa ganin malam ya cika wa ƙolo allo da izu guda a rana ɗaya? Kaɗan ake rubuta masa, gwargwadon abin da kansa zai ɗauka. A biya masa, ya koma gefe ya yi ta maimaitawa, ya dawo ya karanta a gaban malam. In ya yi tuntuɓe a gyara masa nan take, kafin kuskuren ya yi saiwa. Ba a wanke allo a yi ƙari sai karatun ya zauna. Bayan an wanke kuma ba a rabu da shi ba ke nan, domin akwai tilawa, wadda ke dawo da na makon jiya da na watan jiya safe da dare. In aka je matakin gardawa sai mu tarar da abin da ya fi wannan ban sha'awa, wato satu: mutum ya rubuta allonsa da ka, ba tare da ya duba takarda ba, sannan ya kai shi wurin darasu, alarammomi su bi shi baƙi da wasali, su fito masa da inda ya kauce a gaban 'yan uwansa.

Yanzu a kwatanta da binciken zamani. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya auna yadda mantuwa ke aiki, ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum zai manta a sa'o'i da kwanakin farko yake zubewa, kuma maimaitawar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. Wannan ita ce tilawa. A 2006 kuma wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu aka ce su yi ta karanta shi, wasu kuma su karanta sau ɗaya, sannan a karɓe takardar su riƙa rubuta abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaita karatu ne a gaba, har sun fi sakankancewa cewa sun iya. Bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu rubutawa da ka sun riƙe kimanin kashi 61 cikin ɗari, masu maimaita karatu kashi 40. Wannan shi ne satu, ba ragi ba ƙari. Wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen lalubo abu ita ce ke kafa shi.

Ba muna cewa makarantar allo ba ta da nata aibi ba. Bulala ba hanyar koyarwa ba ce, kuma hadda ba tare da fahimta ba ba za ta wadatar da ma'aikacin asibiti ba. Abin da muke nufi shi ne mu riƙe wannan ma'auni idan an kawo mana tallar kwas. Kwas ɗin da zai ajiye maka bidiyo ashirin ka kalla a jere, sannan a ƙarshe ya yi maka tambayoyi goma na zaɓi-ka-danna, ya saɓa wa Ebbinghaus, ya saɓa wa malamin allo. Wanda aka gina da sani kuwa zai ba ka kaɗan, ya tsayar da kai ya ce to faɗi abin da ka ji, ya nuna maka kuskurenka da dalilinsa, sannan bayan kwana uku ko mako guda ya sake jefo maka tambayar a waya lokacin da ka fara mantawa.

Game da tsawon darasi ma akwai alƙaluma. A 2014 an nazarci kallon bidiyo kusan miliyan 7 a dandalin edX, aka ga cewa komai tsawon bidiyo, akasarin masu kallo ba sa wuce minti 6 kafin hankalinsu ya tafi. An kuma ga cewa malamin da ke magana a sake kamar yana zaune da kai, yana rubutu da hannunsa, ya fi riƙe ɗalibi bisa laccar da aka ɗauka a babban zaure. Ga ma'aikacinmu wannan ya fi muhimmanci, domin shi ba ɗalibi ne mai zaman kansa ba. Ya taso daga ofis da gajiya, ya biya kasuwa, yara suna jiransa, ga ta'aziyya ga suna. Uwargida ma'aikaciya kuwa nata ya ninka, sai ta sauke tukunya ta kwantar da yara kafin ta taɓa waya. Lokacin karatun irin waɗannan bayin Allah shi ne tsakanin Magariba da Isha'i, ko cikin mota a hanyar Kano zuwa Katsina, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Duk darasin da ba za a iya sauke shi a waya a saurare shi ba tare da data ba, wanda ya tsara shi bai yi tunaninmu ba.

Sai batun da muke ganin shi ne ƙashin bayan karatun babba. Yaro yakan koyi abu don an ce ya koya, amma magidanci mai shekara arba'in sai ya ga inda abin zai yi masa rana. Masanin nan na ilimin manya, Malcolm Knowles, a kan wannan ya gina koyarwarsa: babba yana zuwa aji da tarin abin da ya riga ya sani, kuma matsala ce ke koro shi. Saboda haka darasi mai kyau daga matsalar yake farawa. Maimakon a buɗe wa ma'aikacin lafiya da ma'anar zazzaɓin cizon sauro da tarihinsa, a ce masa: ga uwa ta shigo da yaro ɗan shekara biyu cikin damina, jikinsa zafi rau, yana amai, babu likita sai an je Kankiya, me za ka fara yi? Ya zaɓa, a nuna masa abin da zaɓinsa zai haifar. Aikin gida kuma ya zama aikin ofis ɗinsa na gaske. Akawu ya kawo lissafin watan da ya wuce ya sake jera shi da sabuwar dabara, malami ya gwada salon a ajinsa gobe ya dawo da labari. Haka maƙeri ke koyar da yaronsa, da zuga-zugi yake farawa, ba da jawabi ba.

Harshe ma yana ciki. Mun sha ganin ma'aikatan ƙananan asibitoci suna fama da Turancin kwas fiye da yadda suke fama da ilimin da ke cikinsa, alhali da Hausa za su yi wa mai haƙuri bayani. Magabatanmu sun gane wannan. A Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda ɗan Katsina Malam Ahmadu Kumasi yake cikin jagororinsa, da harshen mutane aka koyar da su, kuma ba a sallame su haka nan ba. Hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Himma ta lardin Katsina, domin wanda ya iya karatu ya sami abin karantawa kada ya koma gidan jiya.

Muna da misalai biyu na kusa da zamaninmu. Tsakanin 2013 da 2019 an gudanar da shirin horar da malaman firamare mai suna TDP da tallafin gwamnatin Birtaniya, wanda ya fara da jihohin Jigawa da Katsina da Zamfara. An ba malamai wayoyi masu ɗauke da gajerun bidiyon koyarwa, kuma aka riƙa tara malaman makarantu maƙwabta lokaci-lokaci su tattauna abin da suka gwada. Mu dai a ganinmu taron nan ya fi wayar daraja, domin waya takan fashe, batir yakan mutu, amma kunyar zuwa gaban abokan aiki hannu rabbana takan sa mutum ya buɗe darasinsa. Na biyu daga Indiya ne. A 2012, a jihar Bihar, sashen ayyukan raya al'umma na BBC ya fito da kwas na murya zalla domin mata ma'aikatan lafiya na karkara. Da ƙaramar waya mace za ta kira lamba ta saurari darasi da harshenta, ta amsa tambayoyi ta hanyar danna maɓalli, in aiki ya taso ta kashe, gobe ta ci gaba daga inda ta tsaya. Babu kwamfuta, babu data. Daga baya gwamnatin ƙasar ta karɓi shirin ta faɗaɗa shi zuwa wasu jihohi. Ga 'ya'yanmu da suka fito daga makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya aka watsa su ƙauyuka, irin wannan ya fi kusa da halin da suke ciki.

Ya 'yan uwa, akwai wata magana mai ɗaci da ba za mu tsallake ba, domin in za ka faɗi, faɗi gaskiya. A wani wurin aiki da ɗaya daga cikinmu ya taɓa zama, in an turo kwas na dole, sai manya su miƙa wa ƙaramin ma'aikaci lambobin sirrinsu, ya zauna ya yi ta danna "gaba, gaba" har ya gama wa mutum shida kafin Azahar. Amsoshin jarrabawa kuma suna yawo a zauren WhatsApp. A ƙarshen wata rahoto ya tafi sama cewa kowa ya sami horo. Tun ƙarshen 2022 da manhajoji irin su ChatGPT suka bayyana, rubutaccen aikin gida ma ana iya samar da shi cikin minti guda ba tare da mutum ya karanta ko layi ɗaya ba. In kwas ɗin na adon fayil ne, asarar kuɗi ce kawai. In kuwa na auna maganin jarirai ne, ko na kare asusun masu ajiya daga 'yan damfara, to wanda zai biya bashin bai ma san an yi ba.

Laifin ba na ma'aikaci kaɗai ba ne. Wurin aikin da ke ƙirga takardun shaida, takardun shaida zai samu. Tun a 1959 Donald Kirkpatrick ya shimfiɗa matakai huɗu na auna horo: ko mahalarta sun ji daɗinsa, ko sun koyi wani abu, ko aikinsu ya sauya, ko kuma wurin aikin ya ga amfani. Yawancin bitocinmu a mataki na farko suke tsayawa, a raba takarda a tambayi ko abinci ya yi daɗi, a biya alawus a watse. Mataki na uku ba ya samuwa sai shugaba ya sa kansa a ciki: ya ware wa ma'aikaci sa'a guda cikin lokacin aiki, bayan wata guda kuma ya zo ya tsaya a kansa ya ce nuna mini. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan daraktoci ne, da shugabannin sassa, da hedimastoci. Wannan ɓangare a hannunku yake, kuma ba ya cin ko kwabo.

Mu dawo kan batun cibiya. Kwamitinmu ba ya adawa da sayen kwamfuta, amma muna roƙon kada ta zama farkon abin da za a saya. Duk mun san ɗakunan da aka buɗe da kaɗe-kaɗe da yanka kirtani a garuruwa daban-daban, yau ƙura da gizo-gizo ne ke karatu a ciki, saboda ba a tanadi mai kula ba, ba a tanadi wuta ba, ba a kuma tambayi kowa abin da yake son koya ba. Waya tana hannun kusan kowane ma'aikaci. Abin da babu shi ne malami, da abokan karatu, da wurin caji.

Don haka shawararmu ga wannan taro ita ce a fara da rukuni biyu kacal na tsawon wata uku, ɗaya na malaman firamare, ɗaya na ma'aikatan lafiya da ke aiki a Yashe da kewaye, kowanne kada ya wuce mutum goma sha biyar. Su da kansu za su faɗi matsalar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya. A cikinmu mazauna birane akwai likitoci da malaman jami'a da na kwalejojin ilimi. Muna neman mutum biyu ga kowane rukuni da za su ɗauki alkawarin aiko da gajeren darasi na murya da Hausa sau biyu a mako, su kuma saurari amsar kowane ɗalibi su mayar masa da gyara kafin kwana biyu. Wannan shi ne aiki mai nauyi, kada wanda ba zai iya ba ya ɗaga hannu don kunya. Sau ɗaya a wata rukunin ya haɗu a gida, ranar Asabar, kowa ya nuna a aikace abin da ya gwada. Kuɗin ƙungiya ya tafi ga data, da ƙaramar sola ta caji, da ɗan abin mota ga wanda zai riƙa tara su. Ba za mu raba takardar shaida ba sai ga wanda shugabansa ya tabbatar da cewa ya ga sauyi a aikinsa. In Allah ya kai mu taron baɗi, su ɗaliban ne za su tsaya a nan su ba da rahoto, sannan a yanke shawara a kan kwamfutoci.

Sakataren kwamiti yana bakin ƙofa da takarda, masu niyyar koyarwa su rubuta sunansu da fannin da suka ƙware kafin a tashi cin abinci.